Tatsuniyar Dare Uku: Masu Ba da Labarin Ayalan, Daga Bakin Murhu Zuwa Dandamalin Biki

 

Da yawanmu a fagen ƙwallo muka fara jin sunan Celtic, wato kulob ɗin nan na birnin Glasgow mai riga kore da fari. A 1887 wani malamin coci ɗan ƙasar Ayalan ya kafa shi, domin a riƙa tara kuɗin ciyar da talakawan ƙasarsu da suka yi ƙaura zuwa Sikotilan. Sunan kuwa aro ne daga wasu al'ummu na yammacin Turai. 'Yan ƙwallo na cewa Seltik, masana tarihi na cewa Keltik. Ta fuskar harshe wurare shida ake lissafa musu a yau: Ayalan, tsaunuka da tsibiran Sikotilan, Wels, Tsibirin Man, yankin Cornwall na Ingila, da yankin Brittany na Faransa. Wani masani ɗan Wels, Edward Lhuyd, shi ne a littafinsa na 1707 ya nuna dangantakar harsunan nan filla-filla, kuma daga zamaninsa ne kiran su da suna guda ya yaɗu.

A waɗannan wurare kowace shekara ana yin bukukuwan al'ada, kuma cikin abubuwan da ke jan 'yan kallo har da mai ba da labari. Mutum ne zai zauna ko ya tsaya gaban jama'a, ba takarda a hannu, ba kiɗa, ya kama labarin jarumai ko na aljanu har ya dire. Masu tallar yawon buɗe ido sukan ce abin da kake gani shi ne dai abin da aka gada tun shekaru dubu biyu, bai taɓa yankewa ba. Mu dai da muka bi tarihin, ba haka muka gani ba. Labaran tsofaffi ne, wannan babu musu. Amma sana'ar ta yi ƙaura sau biyu, daga fada zuwa bakin murhu, daga bakin murhu zuwa dandamali, kuma kowace ƙaura sai da ta bar wani abu a baya. Za mu fi tsayawa kan Ayalan, domin can ne aka fi adana shaidar abin.

A tsohuwar Ayalan akwai ƙananan sarakuna barjat, kowane da fadarsa, kuma kowace fada da masu hikimar baka da ake kira fili. Wanda ya san matsayin makaɗan fada da masu riƙe da tarihin sarauta a wajenmu zai gane su nan take. Su ne ke riƙe da asalin sarki, su yabe shi, su yi wa abokin gabarsa zambo, kuma ana tsoron zambonsu ƙwarai. Karatu suke yi na shekaru. Wani tsohon littafi da aka rubuta a ƙarni na 12, wanda ake kira Littafin Leinster, ya ce babban gwani a cikinsu sai ya haddace labarai 350: manya 250, ƙanana 100. An kasa su gida-gida, akwai na harin shanu, na yaƙi, na neman aure, na tafiyar teku, na mutuwar jarumai. Mafi shahara shi ne Táin Bó Cúailnge, labarin sarauniya Medb ta Connacht wadda ta tara runduna ta nufi ƙasar Ulster saboda bijimi guda, wani saurayi mai suna Cú Chulainn ya tsaya shi kaɗai a mashigar ruwa yana tare ta. Malaman coci masu zaman zuhudu ne suka fara rubuta irin waɗannan labarai a kan fata, shi ya sa muke da su.

Wannan duniya ta rushe ne da rushewar sarakunan. Turawan Ingila sun ci su da yaƙi a Kinsale a 1601, a 1607 kuma manyan sarakunan arewa suka shiga jirgin ruwa suka bar ƙasar, ba su dawo ba. Filayensu aka raba wa baƙi. Maroƙi in babu ubangida ina zai dosa? Sai labaran suka gangaro ƙauye. Talakawan marubuta suka ci gaba da kwafar tsofaffin littattafai da hannu, ana karanta su a bayyane a gidajen manoma, wanda bai iya karatu ba ya ji ya haddace ya ba wani. Saboda haka abin da ake kira adabin bakan Ayalan ya daɗe yana kai da kawowa tsakanin baki da takarda.

Zaman bakin murhu shi ne mutane suka fi tunawa. A ƙauyukan yammacin ƙasar, inda dare ke tsawo da hunturu, akwai gidajen da aka sani da hira. Daga farkon Nuwamba zuwa tsakiyar Maris, idan an gama aikin gona, maƙwabta kan taru a irin wannan gida bayan cin abincin dare. Makamashinsu wata baƙar ƙasa ce da suke yankowa a fadama, su shanya, su ƙona kamar itace. Mata na saƙa, maza na gyaran koma da igiya, mai labari na kusa da wuta. Suna da kalmomi biyu da ya kamata mu bambance. Scéalaí shi ne mai dogayen labaran jarumai, irin na Fionn mac Cumhaill da mayaƙansa. Seanchaí kuwa shi ne mai riƙe da tarihin gari, asalin dangi, sunayen wurare da labaran aljanu. Yau kalma ta biyu ta cinye ta farko, duk mai ba da labari seanchaí ake ce masa.

Akwai ƙa'idoji. Ba a ba da labarin jarumai da rana, ana ganin rashin sa'a ne, kamar yadda iyayenmu ke hana mu tatsuniya da rana. Labaran Fionn kuwa na maza ne, ba a so a ji su a bakin mace. Babban abin lura shi ne masu sauraro sun riga sun san labarin. Sun ji shi bara, sun ji shi a bakin mahaifin wannan mai labarin, idan ya tsallake wani wuri akwai tsohon da zai yi gyaran murya. Ba don su san ƙarshe suke zama ba, sai don su ji yadda za a kai su can.

Daga 1845 cuta ta faɗa wa dankalin Turawa, wanda shi ne abincin talaka. Cikin 'yan shekaru mutum kusan miliyan ɗaya suka mutu, wasu kusan miliyan ɗaya suka yi hijira, yawanci zuwa Amurka da Ingila. Yunwar ta fi tsanani a daidai yankunan da suka fi riƙe da harshen Ayalan. Makarantun gwamnati da aka soma a 1831 da Turanci suke koyarwa, kuma akwai wuraren da ake rataya wa yaro ɗan sanda a wuya, duk sanda ya yi harshen gida a yi masa tsaga, da yamma a biya shi da bulala, sau da yawa da yardar iyayensa, domin sun san yaron Amurka zai tafi neman abinci. Waɗanda suka yi makarantar da ake cin tarar mai yin Hausa a aji ba sa buƙatar mu yi musu dogon bayani. Ƙidayar 1851 ta sami masu jin harshen kusan miliyan ɗaya da rabi. Ta 1911 ta sami rabin miliyan da ɗoriya.

A cikin wannan hali ne bikin al'ada ya shigo. A 1893 Douglas Hyde, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasar Ayalan na farko, shi da wasu suka kafa ƙungiyar raya harshe mai suna Conradh na Gaeilge. A 1897 ƙungiyar ta shirya bikinta na farko a Dablin, Oireachtas, wanda har yau ake yi, da gasar waƙa da ta rubutu da ta ba da labari. Mutanen Wels suka kwaikwaya, masu bikin Eisteddfod. Shi wannan yana da tsohon tushe, domin an rubuta cewa wani basarake, Rhys, ya tara mawaƙa da makaɗa gasa a Cardigan a 1176. Amma bikin ƙasa na shekara-shekara a 1861 aka soma shi. Su kuma dattawan nan masu dogayen riguna da ake nunawa a hoto, waɗanda ake cewa magadan bokayen zamanin da ne, wani magini ne mai suna Edward Williams, wanda ya laƙaba wa kansa Iolo Morganwg, ya ƙirƙiro tsarinsu, ya fara taronsu a kan wani tudu a Landan a 1792. Mutumin gwani ne, kuma gwanin ƙirƙirar takardun jabu ne, sai bayan mutuwarsa da daɗewa masana suka bankaɗo shi. Mutanen Wels sun san da haka, ba su fasa bikinsu ba, kuma a ganinmu sun yi daidai. Abin da ya shekara ɗari biyu ana yi ai ya zama al'ada. Ƙaryar tana wurin mai cewa ya shekara dubu biyu.

Gasa ba ta hana tsofaffi mutuwa da abin da ke kansu ba. A 1923 wani matashin ɗalibi, Séamus Ó Duilearga, ya je wani ƙauye a gaɓar tekun Kerry, ya haɗu da wani manomi kuma masunci mai shekara saba'in, Seán Ó Conaill, wanda bai yi makaranta ba, ba ya jin Turanci. Matashin ya yi shekaru yana komawa yana rubuta abin da ke bakin tsohon, har tsohon ya rasu a 1931, aka buga littafin a 1948. Abin da ya fi taɓa mu a labarinsa shi ne, a lokacin masu sauraro sun riga sun watse. Don kada labaran su kuɓuce masa, idan yana kiwon shanu shi kaɗai sai ya riƙa ba da su da ƙarfi, da motsin hannu da komai, yana fuskantar katangar duwatsu.

Wannan haɗuwa ce ta haifar da Hukumar Tattara Adabin Gargajiya ta Ayalan a 1935, Ó Duilearga na shugabanta. Ta ɗauki ma'aikata na dindindin, yawancinsu malaman makaranta 'yan asalin yankunan, ta ba su wata na'urar ɗaukar murya mai nauyi, Ediphone, wadda ke zana magana a jikin wani bututun kaki. Sukan ɗaura ta a keke su shiga ƙauye. Kuɗin hukumar kaɗan ne, saboda haka idan an kwashe maganar zuwa takarda sai a kankare bututun a sake amfani da shi. Kalmomin sun tsira, muryoyin da yawa sun tafi. A 1937 zuwa 1938 kuma aka sa 'yan firamare fiye da 50,000 a makarantu kusan 5,000 su tambayi kakanninsu da maƙwabtansu su rubuto, aka tara shafuka wajen 740,000. Duk wannan taska tana Jami'ar UCD a Dablin, UNESCO ta sa ta cikin kundin abubuwan tunawa na duniya a 2017, kuma an ɗora da yawa a intanet, har ɗan Ayalan na iya ganin rubutun hannun kakarsa tana 'yar shekara goma sha biyu.

Ta wurin ma'aikatan nan muka san girman abin. A 1938 wani tela a Connemara, Éamon a Búrc, wanda ya rasa ƙafa ɗaya a Amurka yana yaro, ya ba da labarin wani ɗan sarki mai suna Eochair. Dare uku aka yi ana ɗauka, kalmomi kusan dubu talatin, kamar ƙaramin littafi ke nan daga ka. Hukumar ta tura Calum Maclean tsibiran Sikotilan, shi ma ya sami wani dattijo a Benbecula, Angus MacMillan, wanda labarinsa guda ya ci kusan awa tara. Sai Peig Sayers ta tsibirin Blasket, wadda ta ba da ɗaruruwan labarai. Ita tata ƙaddarar daban ce: an sa littafin tarihin rayuwarta cikin manhajar sakandare, aka yi shekaru ana tilasta wa yara karanta shi don jarrabawa, har sunanta ya zama abin ƙorafi a bakin waɗanda ba su taɓa jin ta tana ba da labari ba. Mace mai raha da kaifin baki, makaranta ta mai da ita tsohuwa mai kukan duniya. An kwashe mutanen tsibirinta a 1953, ta rasu a 1958.

Kafin nan an soma kai wutar lantarki ƙauyuka a 1946, rediyo ya shiga gidaje, talabijin ɗin ƙasar ya buɗe a daren ƙarshe na 1961. Gidan hira ya mutu. Abin mamaki, rediyon da ya taimaka wajen kashe shi shi ne ya fito da seanchaí ɗin da duniya ta sani a yau. Éamon Kelly ɗan Kerry ne, kafinta, ya zama ɗan wasan kwaikwayo a gidan rediyon ƙasar a shekarun 1950. Ya ɗauko salon maganar tsofaffin garinsu, ya zuba shi cikin Turancin ƙauye, ya gajarta labaran, ya ƙara musu ban dariya, ya sa malafa ya zauna a kujera kusa da murhun da aka gina a kan dandamali. Ya yi suna ƙwarai har rasuwarsa a 2001. Gwani ne na gaske, ba mu raina shi ba. Sai dai yawancin masu ba da labari a bukukuwan yau shi suka gada, ba telan Connemara ba.

Bukukuwan da aka keɓe don ba da labari kaɗai kuwa na jiya-jiya ne. Na Edinbara ya soma a ƙarshen shekarun 1980, aka buɗe masa cibiya ta dindindin a 2006. Na Wels, Beyond the Border, ya soma a 1993 a harabar tsohon gidan sarauta na St Donat's. Na tsibirin Cape Clear a kudancin Ayalan, inda mazauna ba su wuce ɗari da 'yan kai ba kuma sai da jirgin ruwa ake zuwa, ya soma a 1994, kuma wani Ba'amurke da ya zauna a can, Chuck Kruger, shi da matarsa ne suka assasa shi. A Sikotilan, waɗanda suka ciyar da wannan farfaɗowa su ne mutanen da aka fi rainawa, wato matafiya masu kwana a tanti, masu gyaran tukwane da aikin ƙodago a gonaki. Duncan Williamson, wanda aka haifa a tanti a bakin Loch Fyne a 1928, yana cikinsu. Yaran da aka hana wasa da irinsa, jikokinsu ne suka riƙa sayen tikiti su saurare shi kafin ya rasu a 2007.

To me dandamali ya canja? Lokaci ne na farko. Biki na da jadawali, bayanka akwai wani, 'yan kallo na da jirgin da za su kama. Labarin dare uku ba shi da gurbi a nan, sai gajeru masu saurin kai wa ga dariya ko tsoro. Dogayen labaran jarumai da tsohon harshensu mai sarƙaƙiya, wanda ko masu sauraron da ba duka suke fahimta ba, sun koma ɗakin ajiya. Sai harshe. A ƙidayar 2022 mutum kusan miliyan 1.9 suka ce suna iya harshen Ayalan, amma masu yin sa kullum a wajen makaranta kusan 72,000 ne. Ban da gasar Oireachtas da tarukan yankunan da harshen ke raye, yawancin abin da baƙo zai ji da Turanci ne. Amma a ganinmu babban canjin shi ne na masu sauraro. Tsohon nan mai gyaran murya idan an tsallake wuri babu shi a zauren biki. Jama'ar da ta zo daga Jamus da Amurka yau ta fara jin labarin, duk yadda aka ba ta shi haka za ta tafa. Mai labari ya sami 'yanci, ya rasa mai tsare shi.

Akwai kuma riba, kada mu ci hakkin biki. Mata yanzu suna ba da labaran Fionn ba mai cewa uffan. Mai labari na iya cin abinci da sana'arsa, a gayyace shi makarantu da ƙasashen waje. Matasa kan buɗe takardun hukumar nan su ɗauko labarin da ba a furta ba tun shekarun 1930, su mai da shi baki. Tsohon da ke ba katanga labari da ya sami ko rabin wannan zaure da ya gode wa Allah.

Wani abu da ya haɗa mu da su kai tsaye: wani babban kundin tatsuniyoyinmu a ƙasarsu aka buga shi. Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, wanda Frank Edgar ya tattara daga rubuce-rubucen malamai, a birnin Belfas aka ɗab'a shi, juzu'i uku, tsakanin 1911 da 1913, wato fiye da shekara ashirin kafin Ayalan ta kafa tata hukumar. Daga baya marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni don 'yan makaranta. Ba a rasa masu tattarawa a wajenmu ba. Abin da ba mu yi ba shi ne abin da suka yi a 1937, a tura yara dubbai gida da littafin rubutu su zauna gaban kakanninsu. Kakannin da suka yi tatsuniya a dandali kafin zuwan talabijin har yanzu akwai sauransu, kuma wayar da kake karanta wannan rubutu da ita ta fi Ediphone sau dubu, ba kuma sai an kankare komai ba.

A can Ayalan ɗin ma akwai sauran masu bin tsofaffi gida-gida. Eddie Lenihan, tsohon malamin makaranta mai ƙaton gemu da ke zaune a gundumar Clare, tun shekarun 1970 yake ɗaukar muryoyin dattawa, yana kuma ba da labari a bukukuwa. A 1999 ana gina sabuwar babbar hanya a wani wuri mai suna Latoon, aikin ya nufi wata ƙaramar bishiya mai ƙaya. Lenihan ya fito ya ce wani tsohon manomi ya gaya masa nan ne matattarar aljanun yankin idan za su fita yaƙi, kuma taɓa ta ba alheri ba ne. Kamar dai a ce za a sare tsohuwar tsamiyar bayan gari. Maganar ta shiga jaridu har New York Times, injiniyoyi suka san yadda suka yi da hanyar, aka kewaye bishiyar da shinge. Bayan 'yan shekaru wani ya lallaɓo da zarto ya sassare rassanta. Ta sake toho, tana nan a gefen titin da ke tsakanin Limerick da Ennis, motoci na wuce ta.